Ƙofar da Aka San a Buɗe Take: Lacca kan Kare Kamfani daga Masu Kutse

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka ajiye harkokinku kuka zo. Yawancinku masu kamfani ne ko masu kula da ma'aikata, don haka ba zan cika ku da yaren injiniyoyi ba.

Mu koma ranar 12 ga Mayun 2017. A ranar ne wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta ɓarke, cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana shiga sai ta kulle duk abin da ke ciki, ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitocin gwamnati suka rikice, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. To ga abin da ke damuna: kafar da ta bi ta shiga, tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran da zai toshe ta. Wata biyu gyaran yana nan, ba a saka ba. A shekarar kuma aka sace bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, shi ma ta kafar da aka riga aka fitar da gyaranta.

A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, wanda bututunsa ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke amfani da shi, ya tsayar da aiki na kwanaki, har ya biya fansar dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun ma'aikaci da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri guda ce kawai ke gadinsa.

Jama'a, muna yawan ɗaukar masu kutse kamar wasu aljanu da ba a iya musu. Akwai ƙwararru a cikinsu, ban musa ba. Amma mafi yawansu ba sa wahalar fasa katanga, zagayawa suke yi suna taɓa ƙofofi har su dace da wadda ba a sa wa sakata ba. Kuma na'ura ce ke yi musu wannan zagayen dare da rana, ba ta tambayar girman kamfani. Saboda haka mai cewa "ni wa ya san da ni?" ya daina jin daɗin wannan magana.

Aiki na farko shi ne ka san abin da ka mallaka. Kwamfutoci nawa, wayoyi nawa, asusu nawa, wa ke da izinin shiga ina. Ma'aikaci ya bar aiki yau, yau ɗin a rufe asusunsa. Gyara ya fito, a saka shi, kada a ce sai an samu sarari. Kowane asusu mai muhimmanci, musamman imel da na kuɗi, a sa masa tantancewa mataki biyu, yadda ko an sace kalmar sirri sai an nemi wata shaida daga wayar mai shi.

Inda nake so mu ɗan zauna shi ne kwafin ajiya, wato kwafin bayanan kamfani da ake ajiyewa daban don a dawo da su in na asali sun lalace. A Yunin 2017 wata manhajar, NotPetya, ta taso daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji da kamfanoni suka amince da ita. Ta faɗa wa Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na Denmak. Sai da suka sake gina kwamfutoci 45,000 da sabar (manyan kwamfutocin da sauran ke dogaro da su) 4,000, hasarar ta kai kusan dala miliyan 300. An ruwaito cewa sabar da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata duk sun mutu, sai guda ɗaya a ofishinsu na Gana, wadda ɗaukewar wuta ta raba ta da sauran a lokacin harin. Ku duba fa, abin da ya tsira shi ne abin da ba ya haɗe da komai. Kamfani bai kamata ya jira sa'a irin wannan ba. A ajiye kwafi uku, a wurare iri biyu, ɗaya a cire shi gaba ɗaya daga layi.

Na taɓa shiga wani kamfani, ba zan faɗi sunansa ba. Manajan ya nuna min na'urar ajiyarsu da alfahari, fitilarta kore tana ƙyaftawa. Na ce masa, ranka ya daɗe, mu gwada dawo da fayil ɗaya na makon jiya. Muka buɗe, sai ga shi abu na ƙarshe da na'urar ta kwafa ya yi watanni. Ta cika tuntuni, ba wanda ya leƙa. Na ga yadda fuskarsa ta canza, ni ma abin ya taɓa ni, domin mutumin kirki ne da ya kashe kuɗinsa yana ganin ya yi abin da ya dace. Ku riƙa gwada dawo da bayananku, ko sau ɗaya a wata uku.

Sai kuma yaudarar ɗan Adam, wadda yanzu ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa kaifi. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗinsu, ya ji muryarsa, ga wasu abokan aiki a gefe. Ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk mutanen da ya gani na bogi ne. Ido da kunne sun daina isa shaida ke nan. Ku kafa doka a rubuce: duk umarnin tura kuɗi mai yawa, ko na canza lambar asusun wanda kuke biya, sai an kira mai umarnin ta lambar da aka riga aka sani, kuma sai mutum biyu sun sa hannu. Dokar ta hau kan mai kamfani kafin kowa. Idan maigida yana fushi don an kira shi a tabbatar, shi ya koya wa ma'aikata su tura kuɗi ba tambaya.

Ina roƙonku kuma, ma'aikacin da ya latsa saƙon yaudara ya zo ya faɗa, kada ku ci mutuncinsa. Wanda aka wulaƙanta yau, gobe ɓoyewa zai yi, alhali awannin farko su ne ake iya cire kwamfutar daga layi kafin cutar ta yaɗu.

Idan kun koma ofis, ku tara shugabannin sassa na awa ɗaya, ku ɗauka an wayi gari duk kwamfutoci a kulle. Wa zai kira banki? Wa zai yi wa abokan ciniki bayani? Ta yaya za a biya albashi? Ku rubuta amsoshin da lambobin wayar a takarda, ku sa a durowa, domin ranar da abin ya faru imel ɗin ma ba zai buɗu ba.

Na ga hannu a can baya. Malama, bismillah, muna jin ki.