Hannu ya iya aiki, baki ya kasa faɗin kuɗi: na leƙa ajin mata masu ɗinki a Harlem

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, yanzu jirgin ƙasa mai lamba 2 ya sauke ni daga Bronx, ga ni a titi na 116 cikin unguwar Harlem ta birnin New York. Koriyar ƙubbar can da kuke hangowa ta masallacin Malcolm Shabazz ce, in kuka ɗan gangaro kuma ga kasuwar 'yan Afirka da ke ɗauke da sunansa. Dā can a bakin titi na 125 mutanenmu suke baza kaya, 'yan Senegal da Mali da Nijar, har da Hausawa da Zabarmawa, sai a 1994 gwamnatin magajin gari Giuliani ta tashe su aka dawo da su nan. Akwai atamfa da shadda da man kaɗanya da tsakiya, amma yau ba cefane ya kawo ni ba.

Wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai ce ta ba ni izinin shiga ajinta, irin ƙungiyoyin nan da ba riba suke nema ba, masu koya wa mata baƙin haure yadda za su mayar da aikin hannunsu kasuwanci. Sharaɗi ɗaya suka kafa mini: kada in ɗauki fuskar kowa, kada in ambaci suna, don wasunsu maganar takardunsu na gaban hukuma. Saboda haka hannuwa za ku yi ta gani yau.

To, mun shigo. Ɗaki ne a ƙasan wani gini, kekunan ɗinki na masana'anta ƙirar Juki a jere, ga dogon teburin yanka a tsakiya. Akwai 'yar Gini, 'yan Bangladesh biyu, wata daga Ekwado mai saƙar zaren ulu, wata daga Afganistan da surfaninta sai ka rantse inji ne ya yi. Ina yin sallama sai na ji an amsa daga kusurwa da Hausa: “Wa alaikumus salam, 'yar ina ce?” Ashe wata Hajiya ce daga zangon Kumasi, a Bronx take zaune kamar ni. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka na rusuna na gaishe ta kafin in kafa kyamara.

Ku dubi abin da take yi. Takarda take ɗinkawa, ba yadi ba, kuma babu zare a allurar. An zana layuka a jikin takardar, miƙaƙƙu da masu lanƙwasa, ita kuma tana bin su da allura, huda bayan huda. Wannan matar ta yi shekaru tana taka keken Butterfly a ƙofar gida, ta yi wa amare ɗinkin fitar biki ba adadi. Amma keken masana'anta in ka ɗan danna shi da ƙafa sai ya fizge yadin daga hannunka, dole sai ƙafa ta koyi sabon lissafi. Malamar ta ce yawanci wannan ba ya ɗaukar su lokaci. Abin da ya fi ba su wahala shi ne awo. A gida tela mutum yake aunawa da tef, ya yanka masa nasa shi kaɗai. A nan kanti zai ce a kawo riga ashirin, ƙanana da matsakaita da manya, kuma kowace matsakaiciya ta fito daidai da 'yar uwarta, ko rabin inci kada ta ɗara. Sai an fitar da fasalin rigar a kwali, ana ɗora shi kan yadi ana bi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan darasin da aka yi bayan azahar, wanda shi ne ya sa na ce sai na yi muku wannan bidiyo.

Malamar ta ɗauko wata jakar hannu da Hajiya ta ɗinka da atamfa, da shafi a ciki, da zif, da madaurin fata. Ta tambaye ta nawa take sayarwa. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce dala 35, wani lokacin ma in 'yar masallacinsu ce takan ce ta ba da abin da ya sauƙaƙa. Sai malamar ta je allo. Yadi da zif da madauri, dala 12. Aiki, awa uku. An cire 12 daga 35, saura 23, a raba wa awa uku: ko dala 8 ba ta kai ba a kowace awa. Mafi ƙarancin albashi a birnin nan a 2025 dala 16.50 ne a awa. Wato mai wanke kwanuka a gidan abinci ya ninka ta, alhali ba a ma sa kuɗin wuta da na jirgi da ta shiga ta sayo yadin ba. In za ta biya kanta wannan mafi ƙarancin kawai, jakar ta haura dala 61 tun kafin a yi maganar riba. In kuma a Etsy, shafin intanet na sayar da kayan aikin hannu, za ta sa ta, su ma suna yankar kashi 6.5 cikin ɗari na kowane ciniki, ban da kuɗin sa kaya da na karɓar biya.

Ɗakin ya yi tsit. 'Yar Ekwado ta fashe da dariya, don ita ma haka take yi da hulunanta. Ni kuwa raina ya sosu, domin na san daga ina abin ya fito. An rene mu da kara da alkunya. Maƙwabciya ta kawo ɗinki, ki ce “haba, bar shi kawai.” Ƙawar yayarki ta taya kaya da rabin kuɗi, ba za ki iya cewa albarka ba. A gida wannan yana da inda yake dawowa, ranar sunanki ko bikin 'yarki za a rama miki. A New York mai gidan haya ba ya karɓar zumunci ranar ɗaya ga wata. Ni a ganina babban abin da ƙungiyoyin nan suke bayarwa ba keke ba ne, ba ɗaki ba ne, wannan lissafin na kan allo ne, da kuma sa mace ta maimaita farashinta da ƙarfi a gaban aji har muryarta ta daina rawa. Da idona na ga ana sa su yin hakan bibbiyu, ɗaya mai saye mai neman rangwame, ɗaya mai kaya.

Sai maganar takardu, wadda zan taƙaita don tana da sa barci, amma ku riƙe waɗannan. Rajistar ƙaramin kamfani irin LLC a jihar New York dala 200 ce, sannan doka ta ce sai an buga sanarwa a jaridu biyu mako shida a jere, kuma wannan bugun kan fi rajistar kanta tsada. Lambar haraji ta kasuwanci, EIN, kyauta ce a IRS, hukumar haraji ta Amurka, kada wani ya karɓi kuɗinki a kai. Harajin saye a birnin kashi 8.875 ne cikin ɗari, amma tufafi da takalman da ba su kai dala 110 ba an yafe musu; jaka da sarƙa ba sa cikin yafiyar. Mai kitso ma, wadda ta iya tun tana 'yar shekara goma, jihar na buƙatar ta yi awa 300 a makaranta kafin a ba ta lasisi. Mai neman mafaka kuma, a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, sai takardarta ta kwana 180 a hannun hukuma kafin a ba ta izinin aiki. Wata shida kenan tana zaune da sana'a a hannu.

Wani zai ce me zai hana ta shimfiɗa tebur a bakin titi? A 1979 birnin ya ƙayyade lasisin masu sayar da kaya a titi a kan 853, aka shafe shekara arba'in da ɗoriya adadin bai motsa ba, a garin da mutanensa suka haura miliyan takwas. Abin dariyar shi ne, tun wani hukuncin kotu na 1996, mai zanen hoto ko sassaƙa yana iya sayarwa a titi ba tare da wannan lasisi ba, don ana ɗaukar aikinsa 'yancin faɗin albarkacin baki ne. Riga da jaka ba su shiga ba. Wato surfanin 'yar Afganistan in an sa shi a firam an rataye, yana da hujjar kare kansa. In yana wuyan riga, kayan sayarwa ne kawai.

Jari fa? Akwai Grameen America, reshen tsarin ba wa talakawa ƙananan basussuka na Muhammad Yunus ɗan Bangladesh, da aka fara a unguwar Jackson Heights ta Queens a 2008: mata biyar su haɗu, a ba kowacce ƙaramin bashi, suna haɗuwa duk mako. Sai dai akwai kuɗin ruwa, kuma Hajiya ta ce ita ba da ita ba. Ƙungiyar Kiva kuwa na ba da bashi marar ruwa a Amurka har dala 15,000, jama'a ne ke tara miki ta intanet. Yawancin matanmu dai har yanzu adashi ne bankinsu, kuma ban ga laifinsa ba, illa dai ba ya gina miki tarihin biyan bashi da bankunan ƙasar nan suke dubawa. Yadi kuwa, akwai FABSCRAP a Brooklyn, masu kwashe ragowar yadudduka daga manyan gidajen ɗinki; ki ba su awa uku kina taya su tantancewa, ki tafi da yadi mai nauyin fam biyar kyauta.

Bari in faɗi abin da ba ya burge ni a wannan harka, ko da wasu za su ji haushi. Akwai masu sayar da tausayi maimakon kaya. Za ka ga an liƙa wa gyale kati mai hoton mace da labarin yaƙin da ta gudo daga gare shi, Bature ya saya sau ɗaya don ya ji daɗin zuciyarsa, ya jefa a durowa. Mai sayen tausayi ba ya dawowa. Wanda ya ga zif bai lalace ba bayan shekara biyu, shi ne zai aiko ƙanwarsa. Kuma sau da yawa sunan ƙungiya ne a jikin kayan, matar da ta ɗinka tana nan a 'yar ƙwadago, an dai canja mata ubangida ne.

Shi ya sa tsarin wata ƙungiya mai suna Custom Collaborative ya fi kwanta mini. Ngozi Okaro, lauya Ba'amurkiya mai tushe a Najeriya, ita ta kafa ta a birnin nan, suka fara horar da mata a 2016. Wata uku da ɗoriya ana koyar da zane da yanka da ɗinki da lissafin kasuwanci, ba a karɓar ko sisi, kuma a 2020 wasu daga cikin ɗalibansu suka buɗe kamfanin ɗinki na haɗin gwiwa wanda ma'aikatan ne masu shi. Can Seattle ma akwai Refugee Artisan Initiative da Ming-Ming Tung-Edelman, mai haɗa magunguna 'yar asalin Taiwan, ta kafa a 2016, suna mayar da ragowar yadi kayan amfani. Tambayar da nake yi wa kowace irin wannan ƙungiya ita ce: in tallafin masu ba da gudummawa ya yanke gobe, matar za ta tashi da kwastomominta a hannu ko kuwa?

An tashi aji, kowa na sauri don ƙarfe uku ake ɗauko yara daga makaranta, kuma malamar ta ce rashin mai riƙon yara ne ya fi komai sa mata barin karatu a tsakiya. Na tsaya wajen Hajiya na ce ina son jaka irin waccan amma da shadda ruwan toka, zan kai wa ƙanwata. Ta gyara gilashinta, ta ce, “Dala 75, 'yata, rabi yanzu rabi in kin zo karɓa.” Na ce, “Haba Hajiya, har da ni?” Ta ce, “Har da ke.” Na ciro waya na tura mata rabin. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.