Me Ya Sa Ba A Ƙarar Wa Yaro Ledar Jini Duka?

[Hoto: ledar jini a rataye, an rufe ta, saura kusan rabi]

Duk damina sai irin wannan hoton ya zagaya wayoyi. Leda a rataye, jini bai ƙare ba, nas ta zo ta rufe ta sauke. Uban yaro ya ɗauka ya saka a Facebook: da jikina na ba da jinin nan, ina za a kai sauran? Kafin la'asar masu sharhi sun gama shari'a, wai sayarwa za a yi.

Nas ɗin ta yi daidai, kuma yanzu za ku ga dalili. Bidiyon nan na sababbin likitoci ne da ɗaliban da ke zagayen ɗakin yara, ko a asibitin koyarwa na Shika kuke ko na yara da ke Banzazzau ko wani asibiti a cikin garin Zariya. Iyaye ma ku gyara zama, da ku ake.

Mu wuce abin da kowa ya haddace da sauri. Littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da yara a asibiti, bugun 2013, ya ce in PCV (kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari na jini) ya sauka zuwa 12 ko ƙasa, wato Hb (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini) 4, a ƙara jini. In yana tsakanin 13 da 18, sai an ga wata alama a kai: numfashi sama-sama da ƙyar, fita hayyaci, zuciya ta fara gazawa, jiki ya yi sanyi jini ya daina zagawa yadda ya kamata, ko ƙwayar maleriya ta yi yawa ƙwarai a jini. A ɗebi jinin gwaji, a rubuta sunan yaro a jikin kwalba tun ana bakin gadonsa. A ɗakin gwaji a duba rukuni, a gwada dacewa, a tabbatar an tantance ledar daga HIV da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Leda ta iso, mutum biyu su karanta suna da lamba da rukuni da ranar lalacewa. A Zariya gado uku a jere duk Muhammadu na iya kwance, don haka suna kaɗai ba ya wadatarwa.

To, mu tsaya nan.

[Hoto: yaro a kan sikeli]

Wannan yaron kilo 12 ne. Jinin jikin ƙaramin yaro kamar mil 80 ne a kowane kilo, ke nan duk abin da ke yawo a jikinsa mil 960 ne. Bai cika ledar fiya wata biyu ba. Ledar jinin da aka ɗiba daga babba kuwa mil 450 ce, ga mil 63 na ruwan hana daskarewa a ciki. Fiya wata guda cur, har da ɗoriya. Wanda ya ɗura masa ita duka ya ƙara masa fiye da rabin jinin jikinsa a zama ɗaya.

Ga inda ake rikicewa. Yaron da maleriya ko sikila ta cinye wa jini, jijiyoyinsa ba wayam suke ba. Cike suke, jinin ne ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, zuciya kuma ta kwana tana gudu don ta cike giɓin. Aka labta mata kaya fiye da kima sai ta kasa turawa, ruwa ya koma baya ya taru a huhu. Tafin hannu ya yi ja, uwa ta fara murna, yaro kuma yana nitsewa a kan gado.

Shi ya sa likitan da ya rubuta "leda ɗaya" a fayil ɗin yaro bai rubuta komai ba. Da mil ake rubutawa, bisa nauyi. Nauyin kuma na sikeli. Wancan lissafin kintacen nauyi, na a ƙara huɗu kan shekaru a ninka biyu, na gaggawa ne kawai, kuma yakan ba yaranmu nauyin da ba su da shi, musamman wanda ya rame.

Cikakken jini, yadda aka ɗebo shi daga hannu: mil 20 a kowane kilo. Yaronmu zai samu mil 240. Tatattun jajayen ƙwayoyi, waɗanda aka janye ruwan samansu: mil 10 a kilo, mil 120 ke nan. Cikin awa 3 zuwa 4.

Yanzu ku dubi ledar nan da kyau.

[Hoto: leda a tsaye, ƙasanta ja wur, samanta ruwan ɗorawa]

An rubuta cikakken jini a jikinta, amma ta daɗe a tsaye, ƙwayoyin sun kwanta a ƙasa, ruwan ya hau sama. Bakin leda kuma a ƙasa yake. Abin da zai fara shiga jijiyar yaro kaurin nan ne. In ka lissafa mil 20 a kilo ka rataye ta haka ba ka gauraya ba, tataccen jini kake ba shi da ma'aunin cikakke, kusan ninki. Zaɓi biyu gare ka. Ko ka juya ledar a hankali ta haɗu, kana kuma leƙawa kana juyawa, ka ba da 20. Ko ka bar ta ta kwanta da gangan, ka ba da 10 daga ƙasan, ka rufe kafin ruwan ya sauko. A rubuta wanda aka zaɓa ɓaro-ɓaro, saboda nas ɗin dare ba ta san abin da ke ranka ba.

Yaya za a san mil 240 sun shiga, alhali leda ba ta da layin awo abin dogaro? In akwai kwalbar awo ta jini ko injin turawa, shi ke nan. In babu, sikelin jarirai ma ya isa: mil ɗaya na jini ya ɗara giram ɗaya kaɗan, sai a auna leda kafin a fara a san inda za a tsaya. Sai ƙirgen ɗigo. Mil 240 a awa 4, mil ɗaya ne a minti. Duba bayan fakitin robar ƙarin jinin: in an rubuta ɗigo 15 a mil, ɗigo ɗaya ke nan duk daƙiƙa 4. In 20 ne, duk daƙiƙa 3. Da agogo ake ƙirgawa. Kuma a sake ƙirgawa, domin yaro na lanƙwasa hannu ɗigo ya tsaya, yana miƙewa ya zubo kamar famfo.

Mai tamowa mai tsanani nasa daban. Zuciyarsa ma ta rame. Mil 10 a kilo na cikakken jini, a hankali cikin awa 3, da allurar furosemide mai sa fitsari, wadda aka fi sani da Lasix, miligiram 1 a kilo tun farko. Sauran yara ba kowa ke buƙatar Lasix ba, sai mai alamar gazawar zuciya, duk da wasu hannunsu ya saba rubuta ta kamar bismilla.

Masu son karatu, akwai binciken TRACT da aka yi a Yuganda da Malawi, aka wallafa a 2019. Ya gwada mil 30 da mil 20 a kilo. Yaran da ba su da zazzaɓi sun fi tsira da 30, masu zazzaɓi kuwa 20 ta fi musu. A ganina babban darasinsa shi ne a sa ma'aunin zafi kafin a ɗauki biro. Canja ma'auni kuma sai da babban likitan sashenku.

[Hoto: agogon bango, nas a zaune gefen gado]

An fara. Minti 15 na farko kar a matsa daga gadon. Ƙaramin yaro ba zai ce bayansa na ciwo ba, kuka zai yi, ya ƙi kwanciya. Zazzaɓi ya taso, makyarkyata, fitsari ya koma kalar shayi: a rufe nan take, a canja roba, a riƙe jijiya da ruwan gishiri, a mayar da ledar ɗakin gwaji. Numfashi da bugun zuciya suna hawa, hanta ta sauko, fatar ido ta kumbura, ana jin ƙarar ruwa a ƙasan huhu: kaya ya yi yawa. A rufe, a zaunar da shi, a sa iskar oksijin, a ba da Lasix. Ruwan gishiri kaɗai ke bin layi ɗaya da jini. Ruwan suga yana fasa ƙwayoyin, ruwan ƙari na Ringa kuma sinadarin kalsiyam ɗinsa na sa gudaji.

Sauran jinin fa, Baba? Leda na zaune a firji tsakanin digiri 2 da 6. Da ta fito, a fara cikin minti 30, a gama cikin awa 4. An huda ta, ta sha zafin ɗaki, ƙwayoyin cuta sun samu abinci. Ba ta komawa firji, ba a ba wani yaro. Inda ake da ƙananan ledojin yara, ɗakin jini kan raba leda ɗaya gida-gida ba tare da iska ta shiga ba, sai sauran ya jira gobe. Likita, ka tambaya tun kana cike takardar neman jini, ka rubuta nauyin yaron da adadin mil. Kafin a rataye leda kuma, ka kira uban, ka nuna masa da yatsa inda jinin zai tsaya.