Sharhi: Shin Kare Yana Son a Rungume Shi?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Sharhinmu na yau a kan kare ne, kuma na san tun daga nan wani zai ce ina ruwan Bakano da rungumar kare. A da, wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Aikin kare a ƙasar nan sananne ne: gadin gida, bin 'yan farauta daji, rakiyar garken Fulani. A ba shi ragowar tuwo, ya kwanta a ƙofar gida, shi ke nan. Amma yau ka zaga Nasarawa, Bompai ko Hotoro da yamma, za ka ga samari riƙe da sarƙar manya-manyan karnukan ƙasashen waje da aka saya da tsabar kuɗi. Ka leƙa TikTok ko Instagram, ga Bature ya ƙanƙame karensa yana sumbata, ga jariri an kwantar a kan cikin ƙaton kare ana dariya. Yaranmu suna kallo, kuma abin da yaro ya gani shi yake gwadawa. Don haka tambayar ta shafe mu: shi karen, yana jin daɗin wannan runguma?

Amsar ita ce galibin karnuka ba sa so. Haƙuri kawai suke yi.

Dalilin yana cikin halittarsa. Mu 'yan Adam da hannuwa muke nuna ƙauna, tun daga ƙirjin uwa muka saba. Kare kuwa dabba ce ta gudu. Idan ya ji tsoro, makaminsa na farko ƙafafunsa ne, haƙora sai gudun ya gagara. To me runguma take yi? Tana kama wuyansa da kafaɗunsa, tana rufe masa hanyar tsira. Kuma a tsakanin karnuka, in ka ga wani ya ɗora ƙafa ko haɓa a kan kafaɗar ɗan'uwansa, sau da yawa nuna isa ne, wani lokacin ma daga nan faɗa yake tashi. Kai ka zo da soyayya, shi kuma abin da jikinsa ya gaya masa shi ne an tsare shi.

A shekarar 2016 wani masanin halayyar ɗan Adam da ya daɗe yana nazarin karnuka, Farfesa Stanley Coren na Jami'ar British Columbia da ke Kanada, ya tattara hotuna 250 daga intanet na mutane rungume da karnuka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba yanayin karen. A kusan kashi 82 cikin 100 na hotunan, karen ya nuna aƙalla alama guda ta damuwa ko takura. Waɗanda suka nuna sun saki jiki ba su kai kashi 8 ba. Wasu masana sun ce wannan dubawa ce kawai, ba cikakken binciken kimiyya ba, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ku lura da wani abu: hotunan nan masu karnukan ne suka zaɓa da kansu suka ɗora don duniya ta ga yadda suke ƙaunar juna da dabbarsu. Mutum yana murmushi har kunne, karen da ke hannunsa yana neman mafita, shi bai gani ba. Wannan rashin ganin shi ne abin da ya fi damuna.

Alhali kare ba ya ɓoye abin da ke ransa, jikinsa duk magana ne. Zai kawar da kai gefe, ya ƙi haɗa ido da kai. Farin idonsa zai bayyana a gefe. Kunnuwa su kwanta baya. Ya riƙa lasar leɓe ba abinci a gabansa, ya yi hamma ba barci yake ji ba. Wani ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Wani kuma, wanda ya fi hatsari, sai ya sandare, ya rufe baki, ya yi tsit. Mutane su ce kai, wannan kare akwai ladabi. Wannan tsit ɗin shi ne matakin da ke gab da gurnani, bayan gurnani kuma sai cizo. Ko kaɗa wutsiya ma kada ta ruɗe ku. Wutsiyar da ke lilo a sake tare da ƙugu daban, wadda ta miƙe sama ƙiƙam tana rawa da sauri daban.

A nan ina da roƙo ga masu kiwon karnuka. Idan karenka ya yi gurnani don an matse shi, kada ka ɗauki bulala. Gurnanin nan gargaɗi ne, alheri ya yi maka da ya sanar da kai. In ka dake shi har ya daina, tsoron yana nan daram a cikinsa, gargaɗin kawai ka kashe. Gobe zai yi cizo ba sallama. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Kada wani ya fahimci cewa kare bai san ƙauna ba. Ya sani sarai. A 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta ƙasar Japan sun gano cewa idan kare da ubangidansa suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke ƙarfafa shaƙuwar uwa da jaririnta, yana ƙaruwa a jikinsu su biyun. Kuma akwai ɗaiɗaikun karnuka da suka taso da runguma tun suna 'yan kwikwiyo har suka saba, wasu ma su suke kawo kansu. Amma ko irin waɗannan, abin da suka yarje wa ubangidansu ba su yarje wa baƙo ba, balle yaron maƙwabta da ya shigo da gudu.

Gane abin da yake so ba wuya. Ka sosa masa ƙirji ko gefen wuya na ɗan lokaci kaɗan, sai ka janye hannu ka jira. In ya matso, ya tura ka da hanci, yana son ƙari. In ya tashi ya bar wurin, ko ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa, ya gaya maka ya isa. Ka bar masa hanyar tafiya a buɗe kullum, kuma ka guji sunkuyowa ta saman kansa.

Sannan ga zafin Kano. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan kai digiri 40, shi kuwa kare ba ya gumi ta fata kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa. Ka ɗauko kare mai gashi buzu-buzu da asalinsa na ƙasashen ƙanƙara ne, ka ɗaure shi kan siminti tsakar rana, da yamma ka zo ka ƙanƙame shi don hoto. Inuwa yake nema, da ruwa mai tsabta, da a cire masa kaska, da a fita da shi ya miƙe ƙafa bayan rana ta yi sanyi. Hukuncin ajiye kare da batun tsarki na malamai ne, a je a tambaye su. Amma duk mun ji hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Wannan ya ishe mu hujja a kan yaran da ke bin karnukan unguwa da jifa muna kallo ba mu tsawata ba. Karen da ya sha jifa ya riga ya koyi cewa hannun yaro abin tsoro ne.

Iyaye, a nan maganar ta zo kanku. Tsayin ƙaramin yaro daidai yake da bakin babban kare, shi ya sa cizon da ake yi wa ƙananan yara ya fi yawa a fuska da kai da wuya, kuma sau da yawa karen gida ne ko wanda yaron ya sani. A koya wa yaro kada ya rungumi kare, kada ya kai fuskarsa kusa da tasa, kada ya hau bayansa. Kada ya taɓa kare mai cin abinci, ko mai barci, ko karya mai shayarwa. Kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, komai sabonsu.

A ƙasarmu cizo ba rauni ne kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a yawu take, don haka ko lasa a kan buɗaɗɗen ciwo, ko a baki da ido, tana iya kai ta jiki. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Duk mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a kuma riƙa sabunta ta a kan lokaci. Idan kuwa tsautsayi ya faɗa, aka ciji wani ko aka yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Kada a tsaya shafa toka ko jiƙe-jiƙe, kada a ce ai ɗan ƙwarzane ne. A ranar a kai shi asibiti a fara masa allura, kuma a cika ta har ta ƙarshe ko da ciwon ya warke.

Wassalamu alaikum.