Me Ya Sa COUNTIF Ke Ba Ka Sifili Alhali Ma'aikata Sun Cika Ƙa'ida?

Assalamu alaikum. A 'yan makonnin nan tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mana daga masu haɗa rahoton ƙarshen wata a shaguna da ofisoshin Zariya, har da ɗaliban harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello masu koyon aikin akanta: mutum ya rubuta fomula domin ya ƙirga ma'aikatan da suka kai cinikin da aka gindaya musu, sai Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya ba shi sifili, alhali ga sunayensu nan yana gani da idonsa.

Bari mu yi misali da wani tebur. Mu ɗauka kamfani ne mai rarraba kayan masarufi, yana da ma'aikata 40 a rassa uku, wato Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada. Sunaye suna layin A, rassa suna layin B, cinikin wata kuma yana layin C, daga C2 zuwa C41. Duk wanda ya kai naira 500,000 yana da tukuici.

COUNTIF ita ce fomular da ke ƙirga gidajen tebur da suka cika wani sharaɗi, kuma rubutunta na farko ba ya ba kowa wahala: =COUNTIF(C2:C41,">=500000"). Ɓangaren farko yana gaya wa Excel inda zai duba, na biyu kuma yana gaya masa abin da zai nema. Amsa ta fito, mutum 14.

Matsala tana farawa ne ranar da manaja ya ce adadin zai riƙa canzawa wata-wata, don haka sai ka ware gida guda a cikin teburin, a ce F1, ka rubuta 500000 a ciki, wanda kuwa dabara ce mai kyau. Daga nan sai hannu ya goge lambar da ke cikin fomula ya sa F1 a madadinta, ta koma ">=F1". Sai amsa ta fito sifili.

A nan nake so mu tsaya. Duk abin da ke tsakanin alamomin zance biyun nan (" "), Excel yana ɗaukarsa a matsayin rubutu zalla, yana karanta shi harafi bayan harafi kamar yadda aka ba shi. Da ka rufe F1 a ciki, ya daina zama adireshin gida, ya koma harafin F da lamba 1 kurum. Kamar ka aiki yaro ka ce ya karɓo kuɗin da ke cikin ambulan, shi kuma ya tafi kasuwa yana cigiyar wani mutum mai suna Ambulan. Abin da ya sa kuskuren ke da haɗari shi ne Excel ba ya yin ƙorafi ko kaɗan, domin a wurinsa fomular ba ta da aibi, ya duba bai samu ba ne, sai ya faɗi gaskiya. Da saƙon kuskure ya fito, da ya fi mana alheri.

Gyaran shi ne a raba abubuwan biyu. Alamar kwatanci ta zauna cikin alamomin zance ita kaɗai, adireshin gida ya fito waje, sannan a ɗaura su da alamar &, wadda a yawancin madannan kwamfuta take kan lamba 7: =COUNTIF(C2:C41,">="&F1). Yanzu Excel zai fara zuwa F1 ya ɗauko 500000, ya manna ta a jikin alamar kwatanci, sannan ya shiga ƙirga. Ga 14 ɗinmu ta dawo. Idan ka mayar da F1 ta zama 400000, za ka ga amsar ta canza da kanta ba tare da ka taɓa fomula ba.

Wani abu kuma, kada a manta da alamar daidai. Idan ka rubuta ">" kaɗai, wanda ya yi cinikin 500,000 cif ba zai shiga lissafi ba, kuma a ganina babu abin da ya kai wannan haddasa rigima ranar biyan tukuici.

Idan reshe ɗaya kake so, sai ka koma COUNTIFS, mai karɓar sharaɗi fiye da ɗaya, wadda ta shigo tun Excel 2007: =COUNTIFS(B2:B41,"Samaru",C2:C41,">="&F1). Dole layukan biyu su zama tsawonsu ɗaya. Google Sheets ma haka yake karɓarta.

In kuwa ka yi duk wannan amma amsar ta gaza abin da kake tsammani, duba layin C da kyau. Wanda ya rubuta N ta naira a gaban lamba ya mayar da ita rubutu, kuma COUNTIF tsallake ta zai yi. Yawanci za ka gane irin wannan gidan domin abin da ke cikinsa ya jingina hagu, alhali lambobi na gaskiya dama suke jingina.