Rigar dala 9,500 da ba wanda zai ci kwancenta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a ƙofar shago nake tsaye, nan unguwar Château Rouge a Paris. Na fito ne in sha iska, don wallahi raina a ɓace yake.

Wani matashin Bature ne ya kawo wando in rage masa tsawo. Na ce Yuro 12. Na durƙusa ina kalmashe ƙafar wandon, fil a bakina, shi kuma yana ta miƙo mini wayarsa. Wata jaket ce mai ƙyalli tana juyi a fuskar wayar, wai tasa ce, da kuɗin kirifto ya saye ta, kuma kuɗin da ya ambata sun fi hayar ɗakina na wata biyu. Na ce ya kawo ta in duba ɗinkin, don ni tela ne, sai na juya riga na ga cikinta nake sanin darajarta. Ya yi dariya ya ce ai ba a taɓa ta, a waya kawai take zaune. Da muka zo biya kuma, sai ya nemi in rage masa Yuro 2!

Kada ku ɗauka shi kaɗai ne. Tun 2019 wani kamfani na Amsterdam mai suna The Fabricant ya sayar da doguwar riga a gwanjo a New York kan dala 9,500. Ba zare, ba yadi. Wani attajirin harkar kirifto ya saya wa matarsa, aka ɗauke ta hoto, aka ɗora mata rigar da kwamfuta. Shi ke nan sa rigar. A 2021 kuma Gucci suka saka jaka a cikin wasan yara na Roblox, kuɗinta wajen dala 6. Mutane suka yi ta sayarwa juna har wani ya biya dala 4,115, alhali jakar gaske, wadda mace za ta zuba makulli da turare a ciki, wajen dala 3,400 take a kanti. A shekarar dai Dolce & Gabbana suka fitar da kaya tara, aka kwashe su kan kusan dala miliyan 5.7, huɗu daga ciki ba a taɓa yanka musu ƙyalle ba.

Mai tambaya zai ce to mene ne mutum ya saya? Yawancinsu abin da ake ce wa NFT ne. Rasiɗi ne da aka rubuta a wani kundi na intanet da ba a gogewa, yana cewa lamba kaza ta wane ce. Hoton kansa sau da yawa a wata ma'ajiya daban yake, kuma ni da kai duk muna iya kwafarsa kyauta. Nike sun sayi kamfanin RTFKT mai yin takalman NFT a ƙarshen 2021, shekara uku bayan nan aka sanar za a rufe shi. A Afrilun 2025 masu kayan suka wayi gari hotunan sun ɓace na wani lokaci, rasiɗi na nan, abin kallo babu.

Ni ba tsadar ce ta fi ƙona mini rai ba. Mu ma muna da masu facaka, kar mu yi wa kanmu ƙarya, na ga bikin da aka yi anko kala biyar. Amma ku bi kuɗin babbar riga guda ɗaya ku gani. Alhaji ya sayi gezna. Ita ma fa a nan Turai ake saƙa ta, a wani gari Bludenz a ƙasar Ostiriya, mutane da yawa a gida ba su sani ba. To daga nan mai shago a kasuwar Maraɗi ya ci, marini ya ci, tela ya ci. Mai aikin hannu ya zauna a zaure wata da watanni yana zuba aska takwas, allura ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja, shi ma ya ciyar da gidansa. Masu bugu su ɗora ta kan gungume su yi ta luguden ta har ta ɗau sheƙi. Alhaji ya sa ta Idi biyu ko uku, sai ya ba ƙanensa kwance. Ƙanen ya more, ya miƙa wa mai gadi ko malamin unguwa. Babbar rigar da na fara zuwa Idi da ita ina saurayi kwancen kawuna ce, da ƙamshin turarensa a wuyanta, kuma ranar ba wanda ya fi ni taƙama a filin.

Wannan ta waya fa, wa zai ci kwancenta? Na yarda akwai masu zanen kwamfuta da aka biya, aikinsu ma ba wasa ba ne. Amma daga nan kuɗin sun tsaya. Louis Vuitton, waɗanda ke nan kan Champs-Élysées, sun fitar da akwatin NFT a 2023 kan Yuro 39,000, wato sefa sama da miliyan 25. Sun haɗa da akwatin gaske, ba zan ɓoye ba. Sai dai na cikin wayar an ɗaure shi da mai shi, ba ya sayarwa, ba ya kyautarwa. An ƙera abu tun farko don kada ya fita hannu ya isa ga wani! Sannan ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da dare cikin hunturu, ka ga bayin Allah kwance kan kwali, ba bargo. Ba banza addininmu ya kira almubazzarai ƴan'uwan shaiɗanu ba.

Af, sanyin nan ma ya fara shigowa. Kilishin da aka aiko mini ya kusa ƙarewa, kullum ɗan yanki nake gutsura don ya kai ni. In ƙamshinsa ya bugi hancina sai in ji kamar in rufe shagon nan in kama hanyar gida.

Yanzu ku, ƙannena na gida, da ku nake. Na ga yadda kuka yi ta dangwalar waya dare da rana lokacin Hamster Kombat a 2024, wasan nan na Telegram da aka yi alkawarin ba da kirifto, na kuma ga fuskokinku ranar da aka raba kirifton. Attajiri in ya yi asara a wannan harka, gobe zai ci abincinsa. Wanda ya sayi NFT na saƙon farko na Jack Dorsey a Twitter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin, ya biya dala miliyan 2.9, bayan shekara ya sa shi gwanjo, wa'adi ya cika tayin bai kai dala 300 ba. Mawaƙi Justin Bieber ya zuba dala miliyan 1.3 a NFT na hoton biri, daga baya farashin ya zube ƙasa warwas, yana nan yana harkarsa. Kai kuwa jarin cajin wayarka ne, ko kuɗin akuyar Inna. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka shigo da wuri, akwai wata riga ko takalmin NFT da zai ninka sau goma, ka tambaye shi wa zai saya daga hannunka. In ya fara kame-kame, ka toshe lambarsa. Kuma kada wanda ya kira ni neman rance don wannan, ko kai ɗan ɗakinmu ne ba zan bayar ba.

Masu ɗinkin Sallah na nan Paris, ku kawo yadinku da wuri, bana ba na karɓar aiki a goman ƙarshe. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.