Sabulun salo a kantin Jamusawa, Yuro 8!

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku matso ku ga abin da na ci karo da shi yau a wani kanti nan Berlin. Sabulun salo ne fa, namu na gida, an naɗe shi a takarda mai ƙyalli, ɗan curin da bai cika tafin hannu ba wai Yuro 8! Raina ya sosu, amma kuma sai na ji kaina ya fasu. Abin da kakanninmu ke haɗawa da ruwan toka da mai, shi ne yau Bature ke yabo cewa ba ya gurɓata ruwa. Hajiyarmu da toka da ɗan yashi take dirje gindin tukunya har ya yi fes, ba ta taɓa sayen wani maganin feshi ba.

Ni kam na daina kwasar kwalaben nan masu hawa kai. Ku duba cikin butar lantarkina. Kun ga farin abin nan da ya daskare kamar alli? Ruwan garin nan ne, sinadarin farar ƙasa ya yi masa yawa. Ruwan khal nake zubawa, in ƙara ruwa, in tafasa, in bar shi ya huce. Ku ga yadda yake ɓarewa da kansa. Nasu mai ƙarfi, Essigessenz, tsaminsa kashi 25 cikin ɗari ne, kwalba ba ta kai Yuro 2 ba. Don Allah ki surka shi, kuma kada ki kai hancinki kusa. Bekin soda, da suke kira Natron, da shi nake goge maiƙon murhu, in bi da lemun tsami.

Bayan shara sai turaren wuta, nan ne kewar Kano ke kama ni. Amma ku yi hattara, gidajen nan duk akwai na'urar jin hayaƙi, tana iya tara muku maƙwabta. Ni a bakin taga nake kunna nawa.

'Yar uwa, wannan ki riƙe shi da kyau: kada ki kuskura ki haɗa khal da bilic. Iskar kulorin yake fitarwa, tana ƙona huhu, a rufaffen banɗaki kuwa tana iya kai mutum asibiti. Kuma in daɓen gidan hayarki na mabul ne, kada tsami ya taɓa shi. Zai cinye ƙyallin, mai gida ya zaftare miki kuɗin ajiya ranar tashi.