Kaset ba ya jiran kowa

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu 'yan bokonmu wadda ta ishe ni. Wai tsofaffin wasannin kwaikwayo na talabijin sun wuce yayi, ba mai kallonsu. Abin haushin, mai wannan magana shi ne zai zaro waya ya nuna maka rawar bale ta Turawa, mace tsaye cak a kan yatsun ƙafa tana juyi, ya ce ka ga wayewa.

To, ban ƙi ba, akwai gwaninta a rawar. Yarinya kan yi shekara da shekaru tana horo kafin a bar ta ta hau kan yatsu, kuma labari sukutum ake bayarwa ba a furta ko kalma. Amma shekarun rawar nawa? Tun 1661 Sarkin Faransa Louis na 14 ya kafa makarantar rawa. Wasan bale mai suna Swan Lake a 1877 aka fara nuna shi a Mosko, har gobe ana sayen tikiti a cika zaure. Wa ya ce ya wuce yayi? Ajiyewa suka yi. Sun rubuta kiɗan, malami ya miƙa wa ɗalibi takun.

Mu fa? NTA a 1977 aka kafa ta, jiya-jiya. Duk wanda ya yi wayo a Sakkwato a shekarun 1980 ya san yadda tsakar gidan mai talabijin ke cika maƙil da dare, yara a tabarma, wasu na leƙe ta taga, in an ɗauke wuta a jona batirin mota, don Idon Matambayi ko Samanja. Ɗan wasa Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙansu. Ina ayyukansu? 'Yan gutsattsari a YouTube, hoto dishi-dishi, murya a shaƙe.

Za a ce babu kuɗi. Haba! Ana samun na walima, sai na juyar da kaset zuwa kwamfuta ne ke gagara? Kaset fa ba ya jira. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, laimar damina, duk cinsa suke yi, injinan da ke karanta shi kuma an daina ƙerawa.

Ko matasa za su kalla? Ba zan rantse ba. A ajiye tukuna, gardama daga baya. NTA Sakkwato da gidan talabijin na Rima, a buɗe ɗakunan ajiya a juye abin da ya rage a bana, a kai kwafi Jami'ar Usmanu Danfodiyo.